Muryar Baba Audi a Bakin Tsohon Maya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ruwan Godiya ya san rumfar Yahuza mai gidan kallo: langa-langa, bencina, talabijin ɗaya, da janareto mai tari kamar tsohon ɗan taba. Amma ba kayan ne ke tara mutane ba, bakin Yahuza ne. In fim ya zo ba fassara, sai ya rage sauti ya tsaya gefe yana sa wa 'yan wasan magana. Turancinsa bai kai ya sayi ruwa ba, amma wa ya damu? Abin da ya faɗa shi ne fim ɗin.

Yahuza maraya ne. Ƙanen mahaifinsa, Baba Audi na wajen Tafoki, shi ya riƙe shi. Gidan duk sun musulunta sai tsohon, wanda ya tsaya kan addinin kakanninsa na Maguzawa. Duk da haka shi ya kai Yahuza makarantar allo da hannunsa, kuma bai taɓa bari ya makara sallar asuba ba. Abu ɗaya yake nema a wurinsa: duk kaka, ranar da zai yanki zangarniyar gero ta farko, ya zo ya tsaya a bayansa har ya gama yi wa Uwar Gona magana, iskar da Maguzawa ke roƙo albarkar noma.

Wata damina Yahuza ya samo wani fim mai arha. Wasu Turawa ne suka shiga daji neman zinariyar wasu mutanen dā da ake kira Maya, waɗanda fim ɗin ya ce daga masara aka yi su. Kai, 'yan kallo sun sami abin yi! Shamsu mai faci ya rantse macijin fim ɗin mai gashin tsuntsu tsohuwar taya ce aka yi wa fenti. Muttaka ya ce da idonsa ya ga mutum ɗaya ya mutu sau biyu, riga kawai ya canza. Wani ya ce dutsen da ya danne jarumin sai da ya yi tsalle kamar katifa. Aka yi ta zagin fim ɗin, kuma kullum rumfa cike.

Akwai wurin da wani tsohon Maya yake durƙusawa ya zuba masara a ƙasa don roƙon ruwa. Nan dabara ta ƙare wa Yahuza, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya shaƙe murya, ya karkace kai irin na Baba Audi, ya ce: “Uwar Gona, ga naki kahin namu. Ki ci, ki bar ma ɗiya.”

Rumfa ta kece da dariya. Yahuza ya ji daɗi a ranar, ba za a ɓoye ba. Kafin mako ya zagayo yara na rera maganar a hanyar rijiya, 'yan acaɓa na faɗa wa juna in za su sha fura. Matarsa Lauratu ta tambaye shi inda ya samo ta, ya ce ƙirƙira ya yi. Ta dube shi kawai, don ta san gidan da ya tashi.

Ranar kasuwa da la'asar sai ga Baba Audi da sandarsa, mutumin da bai taɓa shiga gidan kallo ba. Ya zauna a bencin gaba. Yahuza ya hango shi. Ya so ya sa wani fim, mutane suka ƙi. Da aka zo wurin tsohon Maya sai ya yi gum, yana fatan a wuce. Ina! 'Yan kallo suka faɗa da kansu, baki ɗaya, har da karkace kai.

Baba Audi bai motsa ba har aka tashi. Shamsu, da ba ya gane inda aka dosa, ya tambaye shi yadda ya ga fim. Baba Audi ya ce macijin dai ƙarya ne, kowa ya gani. Amma tsohon nan na cikin fim, ko wa ya koya masa, ya kyauta da ya cire takalmi kafin ya durƙusa, kuma da hannun dama ya zuba. Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ko dubi inda Yahuza yake ba.

Yahuza ya goge fim ɗin a ranar, amma magana ta riga ta shiga gari. Ya sha ɗaukar mashin zai je Tafoki, kunya ta mayar da shi daga hanya. Da kaka ta yi ba a aiko masa ba. Ya tafi da kansa, ya sami tsohon a bakin gona da lauje a hannu, ya tsaya a bayansa kamar kullum.

Baba Audi ya yanki zangarniya, ya durƙusa, ya ajiye ta a ƙasa. Yahuza na jira ya ji maganar. Tsohon ya daɗe a durƙushe, sannan ya dafa sanda ya miƙe bai ce komai ba.

“Baba, ba ka hwaɗi ba,” in ji Yahuza.

Tsohon ya kakkaɓe gwiwarsa. “Da mi zan hwaɗa mata? Kalmomin da ubana ya ba ni ke nan, kuma an yi dariya da su a kasuwa. Ba ni da wasu.”