Baffa Ɗanjumma da Bulon Kwalin Ashana

Duk wanda ya san Baffa Ɗanjumma Magini ya san ba ya gaida mutum sai ya fara gaida bangonsa. Zai shigo zaure da sallama, maigida ya miƙo hannu, shi kuwa ya wuce hannun ya je ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne kamar mai sayen kankana. Sai ya gama sauraro sannan ya juyo a gaisa. Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu, mutumin da bai daɗe da tarewa a sabon gida ba, haka ya yi a gaban jama'a, ya juyo ya ce, "Rairai ya yi yawa, siminti ya ji tsoro. Allah shi raya." Har yau ba a san wa ya yi wa addu'ar ba, jaririn ko bangon.

Yayan mahaifina ne. Shi ya gina rabin gidanmu na Kurya Madaro da hannunsa, ya gyara sauran rabin yana zagin wanda ya gina shi, wato kakanmu. Da rashin tsaro ya taso mu muka dawo Kaura muka kama haya, shi da matarsa Inna Kulu suka sami ɗakin da ke kallon namu. Ɗana Bashiru a goye aka fito da shi, ƙanwarsa Nana kuwa a Kaura aka haife ta. Baffa bai taɓa kukan gonarsa ko shanunsa a gabana ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kuma ba ya ɓoyewa: yaran nan za su girma ba su san gidansu ba.

To, wata Sallah 'ya'yan surukina suka zo daga Gusau da bokitin bulon roba, irin mai launi-launi da ake maƙala wani kan wani. Suka yi wasa, suka tattara abinsu tsaf, suka tafi. Suka bar ni da masifa. Bashiru ya daina gaishe ni da safe. Nana, da ba ta san komai ba sai abin da yayanta ya yi, ita ma ta daina. Na je shago na tambayi kuɗin bulon. Ni malamin firamare ne, saboda haka na yi wa mai shago godiya, na tambayi lafiyar iyalinsa, na fito.

Ashe wani ɗan bulo ja ya faɗa ƙarƙashin tabarma. Baffa ya tsince shi, ya juya, ya sa haƙori ya gwada.

"Lawali, wanga mi na?"

"Bulo ne, Baffa. Na yara. Gida suke ginawa da shi."

"In sun gama hwa?"

"Sai su warware su mayar bokiti."

"Gidan da aka mayarwa bokiti." Ya jinjina kai. "Nawa aka sai da shi?"

Na faɗa masa. Can ya ce, "Da wanga kuɗi sai in gina maka ɗakin girki, in sa ƙyaure, in ba ka canji. Bar ni da su."

Da karan dawa ya fara. Ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya fere tsinke na haɗawa, suka tada wani abu da ya ce rumbu ne. Kafin la'asar akuyar masu gida ta cinye rumbun. Bashiru ya fasa kuka. Baffa ya dubi akuya, ya dubi yaro, ya ce, "Aboki, ba laihinta ba na. Wa ac ce ka yi rumbu ba shinge?"

Sai ya koma kan sabulu. Ya ɗauki sandar sabulun wankin Inna Kulu, ba tare da ya tambaya ba, ya yayyanka ta ƙanana. Gaskiya wannan ya yi kyau, don in aka ɗan jiƙa shi yana mannewa. Suka gina masallaci har da hasumiya. Ranar wanki Inna ta nemi sabulunta ta gan shi ya zama masallaci tsaye a inuwa, ta tsinke na sama ta tafi.

"Kulu! Hasumiya ta kika wanki da ita!"

"Taguwarka nika wankewa, Malam. Lada ta ƙaru."

Baffa ya dubi taguwarsa a cikin kumfa, ya koma wajen yaran.

Daga nan ne ya ce wasa ya ƙare, za a yi bulo na gaske. Ya bi gida ya kwashe duk kwalin ashana, ya zazzage tsinkayen a murfin kwano. Da Inna ta zo hura wuta ta sami ashana cike da murfi, babu abin ƙyastawa. Ya ce mata ta ɗebo wuta a maƙwabta, ai zumunci ne. Kwalin nan shi ne ma'aunin bulo. Ya sa yara suka ɗebo jar ƙasa, suka tankaɗe, suka marmasa busasshiyar ciyawa a ciki, suka kwaɓa da ƙafa. Bashiru ya ɗauka yanzu za a fara gini. Baffa ya lulluɓe ƙasar da buhu ya ce sai ta kwana ta ruɓa. Kashegari ya buɗe, ya shinshina, ya ce ba ta ruɓa ba. Yaron da yake son wasa a yau, ya yi kusan mako yana gadin laka!

Amma fa bulon ya fito. Ƙanana, jajaye, masu kusurwa, suna bushewa a jere kan tsohon kwanon rufi. Yaran unguwa suka cika mana tsakar gida. Wani uba ya zo zai saya wa ɗansa, Baffa ya ce ba na sayarwa ba ne. "Tahi ka sai ashana, ka ƙone ta, ka aiko min yaron da kwalin." Ina jin shekarar masu tireda sun yi mamakin yadda unguwarmu ke cin ashana.

Inda muka saɓa da shi wajen dokoki ne. Ba a gini sai an ja tushe. Ba a ɗora bulo kai tsaye kan ɗan'uwansa, sai an karya layi. Bashiru ya yi bene mai hawa-hawa yana murna, Baffa ya zagaya shi, ya sa sanda ya ture. "Wa ab ba ka izinin bene? Ka iya ɗaki?" Kuma duk abin da yara suka ce za su gina, banki ne, tashar jirgin ƙasa ce, filin ƙwallo ne, amsa ɗaya ce: sai an gama gidan Kurya. Ya zana shi a ƙasa da sandarsa. Nan zaure, nan turakar kakanmu, nan rumbuna, nan rijiya, nan garken awaki. Reshen dalbejiya ya tsaya a matsayin durumin ƙofar gida. Yana zaune kan kujerarsa yana yi musu tambaya kamar masu jarrabawa.

"Nana, in kin shiga zaure kin hita, mi ad dama gare ki?"

"Rijiya."

"Kin hwaɗa ciki. Rijiya hagu take. Koma waje ki sake sallama."

Wata rana na gaji na ce, "Haba Baffa! Wasa fa suka ce suna so, ba aikin lebura ba. Ka bar su su gina abin da ransu ke so mana."

Bai ko ɗago ba, yana goge gefen wani bulo da babban yatsa. Ya ce, "Lawali, ni ba ni komawa, na sani. Su ka komawa. Ba ni son ɗiyan gidanmu su tsaya bakin gari suna tambayar baƙo ina ne gidansu." Raina ya ɓaci, ba da shi ba. Na shiga ɗaki na bar su.

Daminar da ta zama ta ƙarshe gare shi, ciwo ya riga ya kwantar da shi, sai dai a shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa. Wata azahar hadari ya haɗo ba shiri. Na ruga da leda zan rufe musu gidan, don sun gama shi kenan har da yaɓe. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bar shi." Na ce zai narke fa. Ya ce, "Gidan ƙasa na, aikinai ke nan." Muna kallo zaure ya zauna, rumbuna suka bi, ruwa ya kwashe zanen sandar gaba ɗaya.

Da ƙasa ta sha iska yaran suka fito da ragowar bulon da ke cikin kwali a ɗaki. Ba zane, ba mai ba da umarni, don ranar Baffa ko magana da ƙyar yake yi. Ina jin su suna gardama. Bashiru ya sa rijiya a dama. Nana, wadda ba ta taɓa taka Kurya ba, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, ka faɗa ciki. Hagu take, bayan ɗakin Inna. Ko ba gidanmu ba ne?"

Baffa ya sa aka ɗan tada shi zaune. Ya daɗe yana kallon ginin, lungu-lungu. Na jira ya ce bango ya karkace, don wallahi ya karkace. Sai ya ce, "Hakanan yake." Ya koma ya kwanta. Bai ga lokacin kaka ba.

Allah ya jiƙan Baffa Ɗanjumma, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna Kulu haƙurin rashinsa. Allah ya kwantar mana da ƙasarmu, ya buɗe hanyar Kurya, ya kai yaran nan ƙofar gidansu da ƙafafunsu. Daga nan ba sa buƙatar ɗan rakiya.