Dutsen Tafarnuwar Dije

Dije 'yar Gusau ce. Aure ya kawo ta Alkahira, mijin ya rasu, ta zauna saboda karatun ɗanta Mu'tasim. Shekara goma sha tara tana yi wa wani Bajamushe girki a unguwar Ma'adi, Dakta Oto, masanin duwatsu mai tono ƙasusuwan dabbobin zamanin da a hamadar Fayum. Ya sha gaya mata hamadar nan teku ce a da, ita kuwa ta ce to, ta ci gaba da yanka albasa.

Da shanyewar jiki ta kama shi, danginsa suka mayar da shi gida. Dije ta kwashi tukwanenta uku da wani dunƙulallen dutse da ta tsinta a baranda tun zuwanta, wanda take daka tafarnuwa a kai, ta koma unguwar Ard al-Liwa.

Nuha, 'yar maƙwabciyarta mai karatun duwatsu a jami'a, ita ta ga dutsen. Ta juya shi, fuskarta ta canza. Ta ce ƙashin bayan wani ƙaton kifin teku ne ya zama dutse, kuma baƙon da aka kama da irinsa, kurkuku ne ko kora.

Dije ta dubi dutsen. In aka kore ta, wa zai riƙe Mu'tasim? Ta so jefarwa a shara, amma mai gadin gidan ko ɓawon ƙwai ba ya wuce masa. Nuha ta ce su kai wa malaminta kawai.

A tashar jirgin ƙasa na metro jaka sai ta bi ta na'urar bincike. Dije ta ɗora tata, dutsen na ciki. Na'urar ta tsaya. Wani ɗan sanda ya zaro dutsen, ya dube ta.

"Mene ne wannan, Hajiya?"

Ƙaryar da ta shirya ta gudu.

"Tafarnuwa nake dakawa a kai, ɗana."

Ya kai shi hanci, ya yamutsa fuska, ya tura mata. "Yalla, wuce."

Malamin Nuha ya karɓi dutsen da hannu biyu ya yi godiya. Yanzu ƙaramin turmi take amfani da shi. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi, sai ta leƙa madafa, inda dutsen yake a da, kafin ta buɗe.