Kan Yanyawar da Salimatu ta Ɗinka

Salimatu maƙwabciyata ce a unguwar Ardwick da ke Manchester, ƙofa na kallon ƙofa, shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Yar Zangon Kumasi ce, tela kuma 'yar tela. Tana da ɗan lungu a bayan wani shagon yadi a Wilmslow Road, can take rage wando, ta canja zif, ta ɗinka wa matan Rusholme kayan biki. Hannunta ba ya ɓata yadi. Amma tsoro! Ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. Mijinta Braimah direban bas ne, in ya yi lattin minti goma ta riga ta yi masa sallar gawa a ranta. Ni kuwa Sabuwa bakina ba ya iya shiru, nakan ce mata, "Maman Inaya, wata rana inuwarki ce za ta kore ki daga Manchester."

Sai dai tsoron nata yana da tushe. Ciki huɗu ta yi, ɗaya ne ya tsaya, shi ne Inaya. Duk abin da matar nan ke yi a duniya, don kada yarinyar ta kuɓuce mata ne.

Inaya na da shekara goma sha huɗu ta faɗa wani abu wai shi furry. Ni ma sai da aka yi mini bayani sau uku. Mutane ne masu son dabbobin zane, irin masu tafiya da ƙafa biyu suna magana. Kowa ya zaɓi dabbarsa, ya raɗa mata suna, ya zana ta, mai hali kuma ya ɗinka kayanta ya sa tun daga kai har tafin ƙafa. Ta Inaya yanyawa ce mai kunnuwa kamar faifai.

Ranar da Salimatu ta ga hotunan masu irin wannan shigar a wayar yarinyar, ta faɗo mini ɗaki ko sallama babu.

"Yaya Sabuwa, duba! Ƙattin mutane, ba fuska. Ta ina zan san ɗan gidan wa ne?"

Na ce, "Ƙwace wayar, magana ta ƙare."

Braimah ma haka ya ce. Ita ta ce a'a. In ta hana, yarinyar za ta yi a ɓoye, kuma na ɓoye shi ke cin mutum. Gara ta shiga tare da ita ta ga komai da idonta. Na ce, "To, Allah ya ba da sa'a, uwar yanyawa."

Da hannunta ta ɗinka kayan. Wata biyu tana fama da soso da gashin roba da idanun raga. Inaya ta nuna mata a bidiyo cewa ana barin kafar iska a baki, wasu har 'yar fanka suke sawa a ciki. Salimatu ta ce ramin ya yi faɗi, ana hango haɓar yarinya, ta toshe shi da yadi ninki biyu. Sannan ta yi dabarar da ta yi ta alfahari da ita. Hijabi yana zamewa a cikin kan yanyawar, sai ta ɗinke shi a jikin kan ta ciki, suka zama abu ɗaya. In an sa, gashi ya rufu ruf. In an cire, hijabin ya bi shi. Ni ma na yaba, Allah ya yafe mini, har da cewa wannan ita ce basira.

A Birmingham aka yi taron masu sa irin kayan nan, wata Asabar cikin watan Yuli, a wani zaure wajen Edgbaston. Na rana ne, kuma yaro ba ya shiga sai da babba. Na bi su don Salimatu ba ta hawa jirgin ƙasa sai da rakiya, kuma in faɗi gaskiya, son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ni. A banɗakin mata Salimatu ta shirya Inaya: doguwar riga, wando, safa, sannan kayan gashin a sama. Ta kama kunnen yanyawar ta ce, "Ki ji ni da kyau. Wurin nan cike yake da maza. In kika cire kan nan a gabansu, ban yafe ba."

Da muka shiga, sai ga su birjik. Ga kyarkeci shuɗi, ga damisa da tabarau, ga wani zomo da ya fi Braimah tsawo. Ga zafi kuma, irin wanda Ingila ke yi kwana uku a shekara ta rasa yadda za ta yi da shi. Salimatu ta manne da bango, idonta na kan hannuwan mutane: wa ya matso, wa ya taɓa. Wani dogo mai kan kura ya zo har sau biyu, yana nuna Inaya, yana nuna wata ƙofa a gefe. Da yawansu ba sa magana in sun sa kai, da hannu suke zance. Salimatu ta shiga tsakani kamar kaza mai 'ya'ya, ta daka masa tsawa, ya ja da baya. Sai daga baya muka sani ashe ɗakin hutawa yake nuna mana, inda ake cire kai a zauna gaban fanka a sha ruwa, kuma ba mai daɗewa bai leƙa ba.

Inaya ta yi fiye da awa tana rawa, ana ɗaukar hoto. Ban taɓa ganin yarinyar nan cikin murna haka ba. Sai ta fara tangaɗi. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka cikin wasan ne. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, kan ya langaɓe gefe.

Innalillahi! Salimatu ta riga ni isa. Ta kama kan za ta cire, yarinyar ta riƙe shi da hannu biyu. Daga ciki muka ji muryarta can ƙasa: "Mma, maza... kin ce..."

Uwa na ja, 'ya na riƙewa. Na ƙwalla ƙara, "Inaya, saki, don girman Allah!" Sai hannuwan suka saki da kansu, suka zube. Wallahi gara riƙon da wannan sakin. Fuskar da ta fito ko gumi babu, leɓe a bushe, ido ya juye. Mai kan kurar nan ya yi jifa da nasa kan, ashe dattijo ne mai sanƙo. Ya zuge zif ɗin bayanta, yana kwara mata ruwa, yana cewa a kira motar asibiti. Na ciro mayafina zan rufe mata gashi, Salimatu ta buge hannuna.

A babban asibitin unguwar aka sa mata ƙarin ruwa. Mun zauna, Salimatu na riƙe da ƙafar yarinyar. Sai wajen la'asar ta buɗe ido ta gane mu.

Can sai ga wata nas da takarda, da kan yanyawar a cikin leda. Cikin ladabi ta yi tambaya: wa ya ɗinka wannan, wa ya toshe kafar iskar, me ya hana yarinyar cirewa? Duk uwar da ke ƙasar nan tana tsoron irin wannan takarda. In aka rubuta cewa uwa ce ta jefa ɗanta cikin haɗari, zancen na iya kaiwa ga ma'aikatan hukuma masu kula da yara, kuma labaran da muke ba juna a gidan suna, na gaskiya da na ƙarya, duk na yaran da aka ɗauke ne. Na taka ƙafar Salimatu, na ce da Hausa, "Ki yi shiru, kada ki ce komai."

Inaya ce ta amsa, da Turancinta na 'yan Manchester, murya a shaƙe. Ta ce ita ta ɗinka da kanta. Ta ce mamanta ta yi ta faɗa mata ta cire, ita ce ta ƙi. Nas ta gyaɗa kai ta fara rubutawa. Na ce a raina, alhamdulillahi, an tsira.

Salimatu ta dubi 'yarta. Sannan ta ce da ni a hankali, "Yaya Sabuwa, ɗazu ta kusa mutuwa don kada ta saɓa mini. Yanzu kuma tana ƙarya don ta rufa mini asiri. A haka zan kai ta gida?"

Na ce, "Ke, kina hauka ne? Za su iya raba ku!"

Ta ce, "Na sani."

Ta miƙe tsaye. Ta ɗora yatsa a kan takardar, biron ya tsaya. Da guntun Turancinta ta ce ba yarinyar ba ce. Ita ta ɗinka, ita ta toshe, ita ta ce kada ta cire.

Inaya ta fashe da kuka tana cewa, "Mma, a'a!" Nas ta dubi uwar, ta dubi 'yar, ta juya sabon shafi, ta nemi cikakken suna. Salimatu ta faɗa mata shi harafi bayan harafi, don kada a yi kuskure.