Shirun da Ka Ƙi Sayarwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, Allah ya karɓi ranka, Maigida, kai da ka kafa gidan talabijin ɗinmu, ka kuma ga rufewarsa da idonka. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina karanta sanarwar rasuwa a tasharka, sai ranar Juma'a labarin ya iske ni, a bakin wani mai gyaran waya. An riga an kai ka makwanci. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A ɗakuna biyu muka fara, a saman shagon teloli, da kyamara guda mai ɗaukar zafi kamar dutsen guga. In lokacin labarai ya yi, da kanka kake sauka ka roƙi telolin su ɗaga ƙafa daga keke. Daga baya muka samu namu gini, da eriya wadda ake hangowa daga nesa. Duk da haka ba ka iya faɗa ba. Sai dai ka cire tabarau ka zuba wa mutum ido, kunya ta ƙarasa sauran aikin.

Doka ɗaya ka kafa wadda ba ta lanƙwasuwa. Bayan labaran yamma a karanta sanarwar rasuwa kyauta, ko ta attajiri ko ta ɗan dako. In an faɗi suna, a bar hoton mamacin a fuskar talabijin, mai karatu ya yi shiru har sai ka sauke hannunka daga bayan gilashi. Ranar da na fara, na yi ta zuba sunaye kamar ana korata. Da muka fito ka dafa kafaɗata ka ce, "Ɗana, ina za ka da sauri haka? Uwar wasu ce fa. Bari su gama kallonta."

Sai zamani ya juya mana baya. Masu talla suka koma wayoyin hannu, man janareta ya yi tsada, banki ya fara aiko mutanensa, albashi ya koma sai an gani. A wannan hali wani kamfanin lemo ya nemi sayen lokacin sanarwar, domin shi ne lokacin da kowa ke gaban talabijin. Ka ƙi. Manajan talla kamar ya yi kuka.

"Ranka ya daɗe, shiru fa ba ya sayo mai," in ji shi.

"Na sani," ka ce. "Amma in na sayar, wa zai gaya wa mutane an yi musu rashi?"

Mun ji haushi, domin muna da iyali, kuma har yau ba zan rantse cewa manajan bai da gaskiya ba. Kotu ta sa kwaɗo a ƙofa, aka yi gwanjon kyamarori, muka watse kowa ya kama gabansa. Amsar tambayarka kuwa sai yanzu na same ta: babu wanda ya gaya mana.

Da na je gaisuwa, Hajiya maiɗakinka ta sa aka kira ni falo, inda 'ya'yanka da wasu tsoffin ma'aikata ke zaune. Ta miƙo mini hotonka ta ce, "Ya sa an sanar da na kowa, nasa ne kawai ba a yi ba. Karanta mana yadda ka saba."

Na miƙe tsaye, na riƙe hoton a ƙirji, na karanta sanarwarka babu kyamara, babu fitila. Na faɗi sunanka, na yi shiru. Duk idanunmu suka tafi neman hannun da zai sauka, shi ya sa muka daɗe ba wanda ya motsa.

Allah ya jiƙanka, Maigida, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya da 'ya'ya da jikoki, da duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashin wannan eriya. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.