Tubalin Damina a Bakin Tabki

A wani ƙauye da ke yamma da Gangara akwai tabki, a bakin tabkin kuma akwai Mailafiya mai tubali. Tun yana saurayi yake kwaɓa laka a wurin, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Da wuya ka shiga gida a garin ba ka jingina da bangon da hannunsa ya cura ba. Mutum ne marar yawan magana, mai auna duk abin da aka faɗa masa. Ko gaishe shi ka yi, sai ya juya gaisuwar ya duba bayanta. Matarsa Amatullahi takan ce in ka ba shi zuma, sai ya fara tambayar inda ƙudan suka tafi.

A da tabkin yakan riƙe ruwa har tsakiyar rani. Manoma su gama kaka, makiyaya su shayar su wuce, sannan Mailafiya ya sauka ya yi aikinsa. Al'adar garin kuwa sananniya ce: ba a yin tubali da damina. Mai ɗanyen tubali ba ya son ruwa, wanda ba ya son ruwa kuma, in ji tsofaffi, yana iya neman hanyar ɗaure shi. Amma a shekarun nan tabkin ya sake hali. Kafin a gama ɗaurin gero ya ƙafe, ƙasarsa ta tsage kamar dugadugan tsoho.

Bana ruwan farko can arewa ya sauka. Kori, wato ƙoramar damina, ya kwaso shi ya zuba a tabkin, garin kuwa ko yayyafi bai gani ba. Mailafiya ya tsaya ya dubi ruwan, ya tuna rani ya wuce bai cura ko tubali ɗaya ba, ya naɗe wandonsa ya shiga.

Mutanen gari sun riga sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Kullum bayan azahar hadari yakan haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, tsawa na ruri, iska na karya rassan aduwa. Mata su kwashe shanya, a ɗaure awaki. Sai kawai hadarin ya rabu biyu a kan tabkin, rabi ya yi Ollelewa, rabi ya nufi Belbeji, a bar garin da ƙamshin ruwan wasu. Duk lokacin da ya haɗo, Mailafiya yakan ruga bakin tabki da tsoffin buhunan da ya ɗinke, ya karkaɗe su, ya rufe tubalinsa, ya danne da duwatsu.

Bai daɗe ba ya lura gaisuwa ta sake. A da ana ce masa, "Ina gajiya?" Yanzu sai, "Tubali na bushewa dai ko?" Taubashinsa Garba, wanda bai taɓa wuce shi ba tare da tsiya ba, ya tare shi a hanya.

"Kai bawana, ka ɗan sassauta mana mana. Gerona ya kusa zama gumba a cikin rami."

"In sassauta me?"

"Oho! Ka tambayi buhunka."

Garba ya yi dariya, amma Mailafiya ya lura dariyar ba ta kai ido ba. Ya lura kuma a masallaci wanda ke kusa da shi ya bar ɗan fili tsakanin kafaɗunsu. Ya koma gida ya tambayi Amatullahi abin da mata ke faɗa a rijiya. Ta ce ba komai. Saurin da ta yi wajen cewa ba komai shi ya ƙara tayar masa da hankali.

Aghali, wani makiyayi da ke shayar da raƙuma a tabkin, shi ya fasa masa ƙwan.

"Abokina, daga nesa in ka ɗaga buhun nan kana fuskantar gabas, kamar mai korar tsuntsaye kake. Sun ce kai kake kaɗa hadari. Na ji ana maganar a je wurin maigari, a hana ka bakin tabki har abada."

"Kai ma ka yarda?"

"Ni raƙumana sun sha. Amma jiya na ga ka karkaɗa, na ga ya rabu." Ya ɗaga kafaɗa ya ja akalarsa.

Mailafiya ba shi da gona sai 'yar gayauna. In aka raba shi da tabkin, an raba shi da abincinsa da sunan ubansa. Ya yi ta juya abin, har ya ga hanya ɗaya ce: ya bar tubalin a buɗe, ya zauna inda kowa zai gan shi. Hadarin zai rabu yadda ya saba, kowa ya shaida babu hannunsa.

Ranar Alhamis hadari ya haɗo. Amatullahi ta miƙo masa buhunan, ya ce ta mayar.

"Maigida, wahalarka fa tana waje."

"Na sani. Bari su gani da idonsu."

Ya tafi ƙofar masallaci ya zauna kusa da liman, Malam Husaini, ya ɗora tafukansa a kan gwiwa, a buɗe. Mutane suka taru suna kallon sama, suna satar kallonsa. Hadarin ya iso kan tabki. Mailafiya ya jira ya rabu. Bai rabu ba. Tsawa ta fashe, sama ta ɓarke, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har indararo ya gaza. Kafin magariba tubalinsa ya koma lakar da aka ɗebo shi.

Aka yi ta hamdala. Garba ya zo jiƙe sharkaf, ya kama hannun Mailafiya da hannu biyu, babu tsiya ko kaɗan.

"Allah ya saka maka, ɗan'uwa. Ka ji tausayinmu."

"Ban yi komai ba, Garba."

"Shi ne ai. Ka ci gaba da rashin yin."

Malam Husaini ya ce ruwa na Allah ne, babu mai ɗaure shi, kowa ya ce haka ne. Sannan limamin ya sunkuyo wajen Mailafiya ya ce a hankali, "Duk da haka, Malam Mailafiya, saboda zaman lafiya, in hadari ya haɗo ka riƙa zuwa nan muna hira."

Maganar zuwa wurin maigari ta mutu. Ba a hana shi tabki ba, an dai bar masa shi daga kaka, lokacin da ruwan yake ƙafewa. Yanzu yana da wurinsa a tabarmar ƙofar masallaci, har goro ake miƙa masa in gabas ta yi duhu. Yakan karɓa, ya juya shi, ya dubi mai bayarwa. Wani lokaci hadarin ya zubar, wani lokaci ya wuce, in ya wuce kuma sai an leƙa a ga ina hannuwansa suke. Amatullahi ta ce ta sha ganinsa a tsakar gida shi kaɗai, ya buɗe tafukan nan yana duba su, irin duban da yake yi wa baƙon da bai san abin da ya kawo shi ba.