Kunnen Baba a Jikin Bango

Babanmu mai gyaran famfo ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya shiga gidan mutane ya zauna a falo kafin ya leƙa banɗaki ba. Mama takan ce da bututu ya fi gaisawa. Wannan halin ya kusa haukata ni lokacin da muke neman gida.

Mai gidan da muke haya ya ba mu wa'adi, ga ni da tsohon ciki, albashina da na mijina kuwa ko ƙofa ba za su saya ba. Baba ya ce zai cika mana, amma sai ya ga gidan da idonsa.

A garin nan gidan sayarwa ba ya kwana. Dillali na buɗe ƙofa mutane za su duru, wani ko ɗakuna bai gama zagawa ba ya biya. Baba kuwa sai ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya buɗe famfo, ya kara kunne a bango.

"Baba, don Allah ka taso, ana kallonmu."

"Bari in ji ruwan nan. A ba ni zuwa gobe."

Kafin goben an sayar. Haka muka yi ta rasawa, farashi yana ta hawa. Ranar da wani gida mai baranda da na ƙwallafa wa rai ya suɓuce, na kasa haɗiye fushina. Na ce masa a titi zan haihu saboda bututu. 

Gida na gaba, ya shiga da hannuwa a aljihu. Na ga ya tsaya a kicin, ya karkata kai, sannan ya kawar da fuska.

"Ya yi, 'yata. Ku karɓa."

Kuɗin ya zarce abin da ya tanada, amma ya cika, ni kuma ban tambayi ta yaya ba.

Ba mu gama kwance kaya ba bangon kicin ya fara tsiyaya. Na kira shi, ya zo da sauri, ya dafa daidai wurin ba tare da lalube ba.

"Baba, ina akwatin kayan aikinka?"

Ya dubi hannuwansa. Ya ce ya sayar da shagonsa da duk abin da ke ciki, tun ranar biyan kuɗin gidan. Sai ya juya wajen mijina.

"Leƙa maƙwabta ko suna da sifana. Ka ce aro ne."