Sunaye Takwas a Takardar Malam Kuwabara

Ranar dusar ƙanƙara ke zuba tun safe, sai na fake a ofishin gunduma ina jiran mota. Ga wani mutum siriri tsaye gaban teburin tallafin wasanni, furfura ta fara cin kansa. A hammatarsa akwai safar hannu ta cafe ƙwallo da aka ɗinke da zaren kamun kifi, ita yake son a sauya wa yaran ƙungiyarsa. Ina jin malamin makarantar ƙauye ne.

Ma'aikaciyar ta bi takardarsa da yatsa. "Malam Kuwabara, sai yara tara ake ba ƙungiya kaya, kowane da hatimin gidansu a madadin sa hannu. Takwas nake gani."

"Na taran iyayensa sun koma birni, 'yata. Ko ni in cike gurbin? Har yanzu ina taɓa gudu."

Ta yi ɗan murmushi. "Ka yi haƙuri, Malam."

Ya rusuna mata sosai, kamar alheri ta yi masa. Ya ninke takardar a hankali, kada jan tawadar hatiman ya ɓaci.

Da bazara aka rufe makarantar. Yanzu yana tashar jirgin ƙasa, yana gadin kekuna.